Amsar murya: sabuwar laftof da ke daskarewa jefi-jefi

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Wannan amsa ce ga ɗan'uwanmu da ya ce ya sayi sabuwar laftof sati biyu da suka wuce a nan Kaduna, Windows 11 ce a kanta, yana cikin aiki sai ta tsaya cak, wani sa'in ta dawo da kanta, wani sa'in sai ya danne maɓallin kashewa. Malam, Allah ya sa albarka a abin da ka saya. Muryar za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da cin data.

Na ji wasu sun ce a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake girka Windows. Dakata tukuna. In ka goge ta, ka goge shaidar da za ta nuna inda ciwon yake. Kuma kada ka bari kowa ya buɗe cikinta, don mai shago na ganin an taɓa ta zai ce ba ruwansa. Nemo rasit ɗinka yau, ka tambaye shi kwana nawa ya ba ka na dawo da kaya. Sannan juya ta, akwai lambar siriyal a ƙasa, ka sa ta a shafin garanti na kamfanin da ya ƙera ta. Nan za ka ga ko garantin na nan da rai, ko ya ƙare tun bara, wato 'yar kwatano ce aka goge aka sa a kwali.

To, in ta sake daskarewa, kada ka yi saurin kashewa. Danna Caps Lock ka ga ko 'yar fitilarsa za ta kama. Motsa mawus. Saurara ko sautin da kake ji bai yanke ba. Ba ta minti biyu.

In kibiya na motsi, fitila na amsawa, amma shafuka sun ƙi buɗewa, bayan daƙiƙa ashirin ko talatin ta warware, yawanci RAM, wato wurin da take riƙe aikin da take kai a lokacin, shi ne ya cika ko ma'ajiya ta shaƙe. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, shiga Performance. In RAM ɗinka 4GB ne, to ga amsarka nan, shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke yarda da shi, Chrome kaɗai ya isa ya cinye. Sai 8GB take samun numfashi. In kuma Disk, wato ma'ajiyar fayiloli, ne ke zaune a kashi 100, duba wa ke cinsa. A kwanaki biyu ukun farko Windows Update da OneDrive kan yi haka, su gama su lafa. Amma sati biyu ya wuce wannan uzuri. Duba kuma ko rigakafin bairos biyu ne a kai, misali McAfee da ya zo da ita, ga wani da aka ƙara a shago. Su biyun kowa na binciken abin da ɗan'uwansa ya taɓa, kwamfuta ce ke shan wahala. Cire su, wanda ke cikin Windows ya wadatar.

In hoto ne ya ƙame amma sauti na tafiya, danna Windows, Ctrl, Shift da B lokaci guda. Za ka ji ɗan ƙara, sikirin ya ƙifta. In ta dawo, direban hoto ne, wato manhajar da ke tuƙa sikirin. Sauke shi daga shafin kamfanin laftof ɗin, da lambar ƙirarta daidai, ba daga filash ɗin da ake yawo da shi shago-shago ba. In Intel ce, akwai wani abu Panel Self Refresh a manhajar hotonsu, na tattalin batir ne, a wasu kwamfutoci shi ke riƙe hoto. Kashe shi ka gani.

Na ukun shi ne mai tayar da hankali: ba kibiya, ba fitila, sauti ya maƙale yana ƙara ɗaya. Nan zargi ya koma kan RAM, SSD (ma'ajiyar fayiloli), BIOS (manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows) ko wuta.

Wuta zan fara, don a garin nan ita ake raina wa. Yi mata wuni guda a kan batir kaɗai. In ba ta daskarewa sai lokacin da ka jona caja, ko sai an tayar da janareta, to ka kusa kama ɓarawo. Karanta jikin cajar, za ka ga 45W ko 65W. In na'urar 65 take so aka ba ka 45, ko jabun caja, za ta riƙa rage gudu, wurin shafa yatsa ya riƙa tsalle ko ya ƙi amsawa, mutum ya ɗauka daskarewa ce. Ari caja ta asali irin tata ka gwada a wani soket.

Zafi kuma, musamman Maris da Afrilu. Ɗora ta kan katifa ko filo toshe mata hanci ne, iskarta ta ƙasa take shiga. Sa HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin na'ura, kyauta ce. In zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, na kai digiri 95 zuwa 100 kana rubutu a Word kawai, ko ba ka jin fanka sam, wannan aibin na'ura ne.

Muryar ta yanke, ga ci gaba.

Bayan laftof ɗin ta dawo, danna Windows da R, rubuta perfmon /rel. Jadawali zai fito, ranar da aka samu matsala da jar alama. Sai ka buɗe Event Viewer, wato rajistar abin da ya faru a Windows, Windows Logs, System, ka duba minti biyar kafin lokacin da ta tsaya. Kernel-Power 41 kada ya ruɗe ka, cewa kawai yake an kashe ta da ƙarfi, bai faɗi dalili ba. Lamba 4101 direban hoto ne. 129 ko 153 ma'ajiya ce ta yi jinkirin amsawa. In ka ga WHEA-Logger na maimaituwa, ƙarfen ne da kansa, wato kayan cikin na'urar, ke kuka.

In 129 ɗin ne, shiga Power Options, cikin saitin da ke ciki-ciki akwai PCI Express, Link State Power Management, mayar da shi Off. Wasu SSD in sun yi barci don tattalin batir ba sa farkawa da wuri. A nan Power Options ɗin kuma ka kashe Fast Startup, domin da shi kashewar ba ta cika ba, matsalar jiya tana kwana ta tashi da kai.

BIOS, sabunta shi yana maganin irin wannan sosai a sababbin ƙira, amma da sharaɗi. Batir a cike, caja a jone, kada ka taɓa komai har ta gama. Kafin nan shiga asusunka na Microsoft ka kwafe mabuɗin BitLocker, wato makullin fayilolin Windows, lambobi 48 ne, a takarda. In ta tambaye shi ba ka da shi, fayilolinka sun kulle.

Gwajin ƙarfe kuwa ba sai ka biya kowa ba. HP, tana kunnuwa ka danna Esc sannan F2. Dell, F12 ka zaɓi Diagnostics. Zaɓi dogon gwaji, gajeren ba ya kama aibin da ke zuwa jefi-jefi. Na RAM, MemTest86 a filash, bar shi ya zagaya sau 4, ko da zai kwana. Kuskure ɗaya tak ya isa hujja. CrystalDiskInfo zai nuna lafiyar SSD, har da awannin da ta yi a kunne. Sabuwa dal mai awa dubu biyu, ka san akwai magana.

In duk sun wuce lafiya kuma ba ta daina ba, sa Ubuntu, wani tsarin kwamfuta da ba Windows ba, a filash na 8GB da manhajar Rufus, tayar da ita daga filash ɗin ba tare da ka girka ba, yi aiki wuni guda. Ta daskare a can ma, to ba laifin Windows ba ne. Ɗauki bidiyo da waya, agogon sikirin a tsaye, ka kai musu da rasit. In ba ta yi ba, yanzu ne fomatin ya halatta, da Windows daga shafin Microsoft.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a rana, kana rubuta lokaci, in ba haka ba ko ta warke ba za mu san me ya warkar da ita ba. Turo mana lambar ƙirar, girman RAM, da hoton lambobin Event Viewer ɗin nan, sai mu ɗora daga nan in sha Allah.