Amsa ga Hajiyar da ta tambaya ko ta bar 'yarta ta kalli Wednesday

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce 'yarki mai shekara 12 ta hana ki sakat sai kin bar ta ta kalli Wednesday, tun da ƙawayenta na aji duk sun gani, ke kuma hoton yarinya mai baƙaƙen kaya da yankakken hannu a kafaɗarta kawai kika gani gabanki ya faɗi. Zango na farko tare da 'ya'yana mata biyu na kalle shi, babbar tana da 16 a lokacin, ƙaramar 13. Na biyun kuwa ni da babbar kaɗai muka kalla, za ki ji dalili a ƙasa.

Fim ne mai dogon zango na Netflix, ya fito a watan Nuwamba na 2022, kashi 8, kowanne bai cika awa ɗaya ba. Jenna Ortega ce ta fito a Wednesday Addams, yarinya 'yar shekara 15 zuwa 16 wadda ba ta dariya, ba ta son a taɓa ta, ba ta riƙe waya, sai tafireta da take buga littafinta da shi da wani ƙaton goge da take kaɗawa da dare. Gidan Addams ba sabon abu ba ne a Amurka, tun 1938 Charles Addams yake zana su a mujalla don ban dariya, iyali ne da abin da ke tsorata mutane shi ke faranta musu rai. Ki riƙe wannan, domin rabin abin da ake nunawa da baƙin launi raha ce ake yi da shi. Hannun nan da ya tsorata ki, Thing suke ce masa, shi ne ma wanda yara suka fi so, kuma ya fi yawancin masu cikakken jiki tausayi a fim ɗin.

An kori Wednesday daga makaranta ne saboda ta zuba kifaye masu cin nama a ruwan da samarin da suka ci zalin ƙaninta Pugsley suke iyo. Sai iyayenta suka kai ta makarantar kwana ta Nevermore da ke gefen garin Jericho a jihar Vermont, inda su ma suka yi karatu. Ɗaliban wurin ba irin sauran mutane ba ne: akwai masu shan jini, da masu rikiɗa su zama kyarkeci kamar yadda ake ba mu labarin masu rikiɗa kura muna yara, da masu macizai a ka, da 'yan ruwa masu juya tunanin mutum da murya. Tana zuwa sai ta tarar wani dodo yana kashe mutane a dajin da ke kewaye da makarantar, ta ɗaura ɗamarar gano ko wane ne.

Tsoro dai akwai shi. Tim Burton ne ya ba da umarnin kashi huɗu na farko, kuma shi duhu da maƙabarta da tsofaffin gine-gine ne sana'arsa. A Romaniya aka ɗauka, a wata tsohuwar fada da ke gindin duwatsu, don haka wurin kansa yana da kwarjini. Ana nuna gawa, ana nuna jini, akwai inda ta shiga ɗakin ajiyar gawa da dare. Ƙaramar tawa ta rufe ido a wurare, ta kwana ɗakina a daren da dodon ya kai wa Eugene, yaron nan mai kiwon zuma, hari a daji. Amma wannan tsoron bai daɗe ba ya wuce. A Amurka ma na 'yan 14 zuwa sama aka sa shi, to kin ga taki ba ta kai ba ko a ma'auninsu.

Maganar aƙida ba zan ɓoye miki ba. Wednesday tana ganin abin da ya wuce da wanda zai zo idan ta taɓa wani abu, tana magana da wata kakarta ta ɗaruruwan shekaru mai suna Goody, akwai inda ta kunna kyandir tana kiran ruhinta, a ƙarshe kuma an ta da wani matacce da tsafin jini. Yarinyar da ta san karatunta ta san gaibu na Allah ne kuma matacce ba ya dawowa, amma ni ban bar abin ya wuce shiru ba. Nakan tsayar da fim ɗin in tambaye su, su ba ni amsa da bakinsu, mu ci gaba. Soyayya kuwa akwai ta irin ta 'yan makarantar Turawa, da rawa da sumba a wasu wurare, ba tsiraici.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Halin yarinyar ne. An gina ta yadda duk maganar da ta yaɓa wa babba sai ta zama abin tafi. Tana yi wa mahaifiyarta Morticia magana ba ko sassauci, tana raina shugabar makaranta Weems, tana tserewa daga wurin likitar da kotu ta ce ta riƙa gani, tana amfani da ƙawayenta don biyan buƙatarta, har akwai inda ta ɗaure wani yaro a kujera don ta tilasta masa ya yi magana. Kuma ita ce gwarzuwa. Yara ba dodo suke kwaikwaya ba, ita suke kwaikwaya. Bayan mun gama na lura ƙaramar tawa ta koma amsa mini magana da ɗaurarriyar fuska da gajerun kalmomi, ta daina gaida baƙi da fara'a, tana ganin wayewa ce. Sai da muka zauna.

Abin da ya taimake ni a zaman nan shi ne fim ɗin da kansa bai bar ta ta ci bulus ba, in dai an kai ƙarshe. Abokiyar ɗakinta Enid, mai son launuka da surutu da runguma, ita ce zuciyar labarin a wurina. Ɗakinsu ma rabe yake biyu, gefe ɗaya kala-kala, ɗaya baƙi ƙirin. Enid ta jure, ta jure, ranar da Wednesday ta jefa ta cikin haɗari don bincikenta sai ta tattara kayanta ta bar mata ɗakin, kuma a nan ne aka fara ganin kaɗaici ya kama yarinyar da ke cewa ba ta buƙatar kowa. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san ba ke kike zaɓar wadda za ki kwana kusa da ita ba, kuma sau da yawa wadda kika fi ƙi a makon farko ita ce ke riƙe ki ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke. Na nuna wa 'yata cewa duk kaifin basirar Wednesday, sau biyu tana ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba saboda ba ta sauraron kowa, kuma da ba don mutanen da ta wulaƙanta sun dawo mata ba, da ba ta kai labari ba.

Kashi na biyar shi ne nake so ke da kanki ki kalla, ko da ba za ki bar ta ba. Ranar ziyarar iyaye ce. Mahaifiyar Enid ta zo ba ta ga komai a 'yarta ba sai cewa har yanzu ba ta rikiɗa ba kamar sa'o'inta, tana ta neman inda za ta kai ta a gyara. Bianca, ɗaya daga cikin 'yan ruwan nan masu juya tunani da murya, wadda Joy Sunday 'yar asalin Najeriya ta fito a matsayinta, tana gudun uwar da ke son amfani da baiwarta don neman kuɗi. Wednesday kuma tana ƙin duk abin da zai sa a ce ta yi kama da tata uwar. Babbar tawa a wurin nan ta yi shiru, daga baya ta faɗa mini wata magana game da yadda nake gwada ta da 'yar yayata, wadda ba ta taɓa iya faɗa ba. Akwai kuma tarihin garin, yadda wanda ya kafa shi, Joseph Crackstone, ya tara waɗanda ba irinsa ba ya ƙone su da sunan addini, jikokin garin kuma suka mai da shi gwarzo suna cin kuɗin masu yawon buɗe ido da sunansa. Yarinya mai wayo za ta yi tambaya a kan wannan, kuma tambaya ce mai kyau.

Don haka, Hajiya, a shekara 12 ba zan miƙa mata waya ta shige ɗaki da shi ba. In kin san tana da tsoro, ko tana cikin lokacin nan na musu da ke, ki ce ta jira shekara ɗaya ko biyu, ki gaya mata dalili, kada ki ce kawai haramun ne ki tashi, don za ta gani a wayar ƙawa ba tare da kowa kusa ba. In kuwa kin ga za ta iya, to a talabijin na falo, da rana, kashi ɗaya a zama, kina wurin.

Zango na biyu, wanda aka ɗauka a ƙasar Ayalan ya fito rabi a Agusta rabi a Satumba na 2025, ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Da mai kisan mutane ɗaya bayan ɗaya aka buɗe shi, akwai hankaki masu ƙwaƙule ido, akwai gawar da Pugsley ya tasa tana cin ƙwaƙwalwar mutane, da asibitin masu taɓin hankali da ake gwaji a kan marasa lafiya. Wannan ban bar ƙaramar tawa ta gani ba har yau, kuma taki ma ban ba ki shawarar ki bari ba.