Jami'ar ta nawa ce a duniya? Amsa ga uban da ejan ya kawo wa makarantu uku

Wani ɗan'uwa da ya daɗe yana aiki a ƙasar waje ya rubuto mana cewa babban ɗansa ya gama sakandare, yana son karatun injiniya. Ejan ya kawo masa jami'o'i uku a ƙasashe daban-daban. Ta farko ya ce tana cikin 100 na farko a duniya, ta biyu tana wajen ta 600, ta uku kuwa ba ta cikin jerin ko kaɗan, amma kuɗinta ya fi sauƙi. Tambayarsa biyu ce: shin matsayin jami'a a jerin yana taimaka wa yaro ya samu takardun zama da aiki bayan ya gama? In kuma ya koma gida, za a karɓi kwalinsa?

Malam, Allah ya raya yaron, ya sa albarka a karatunsa. Kafin ka biya ko sisi, koma wa ejan da tambaya uku: jerin wa, na wace shekara, kuma na mene ne?

Manyan jerin da hukumomi ke kallo guda uku ne: na Shanghai da ake kira ARWU, wanda aka fara a 2003, sai na QS da na Times Higher Education, waɗanda suka fara tare a 2004 kafin su raba gari bayan 2009. Kowanne da mudunsa. Na Shanghai yana ba da kashi 30 cikin 100 na maki ga yawan malamai da tsofaffin ɗaliban jami'a da suka ci kyautar Nobel ko lambar Fields ta masana lissafi, ragowar kuma kusan duk a kan binciken da aka wallafa ne. Ba ya tambayar yadda ake koyar da ɗan aji ɗaya. QS kuma, tun sauyin da ya yi a 2023, kashi 30 na makinsa daga jin ra'ayin malaman jami'o'i yake, kashi 15 daga ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata. Wato kusan rabin makin suna ne, shi kuwa suna tsohuwar jami'a mai kuɗi da ke wallafa da Ingilishi ce ke da shi. Na Times yana da ɓangaren koyarwa mai kashi 29.5, amma rabin wannan ɗin ma ra'ayi ne. Sannan jami'ar da ba ta wallafa bincike 1,000 cikin shekara biyar ba, ba ta shiga babban jerinsa.

Daga nan za ka ga cewa rashin sunan jami'a ta uku a jerin bai isa ya zama hukunci a kanta ba. A Jamus akwai manyan makarantun fasaha na koyon aiki da hannu da ke yaye injiniyoyin da kamfanoni ke rububi, amma da ƙyar ka ga sunansu a jerin duniya, domin ba wallafa bincike aka kafa su yi ba. Akwai ma jami'o'in da suka janye da kansu: Utrecht ta Holan ta daina ba Times alƙalumanta a 2023, ta Zurik a Suwizalan ta bi sahu a 2024. Su kuma alƙaluman, da yawansu jami'ar ce ke miƙawa da hannunta. A 2022 jami'ar Kolombiya ta Amurka ta amsa cewa ta miƙa wa US News, mai jera jami'o'in Amurka, alƙaluman da ba daidai ba, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18.

Maganar "cikin 100 na farko" ita ce ta fi bukatar bincike, don a nan mutane ke yi wa rogo kallon kitse. Kamfanonin nan ba jeri ɗaya suke fitarwa ba. Akwai na duniya baki ɗaya, akwai na nahiya, na fanni, na jami'o'in da ba su kai shekara 50 ba, da kuma wanda Times ta fara a 2019 da ke auna gudummawar jami'a ga muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya. Jami'a kan iya zama ta 80 a ɗaya daga cikin muradun nan 17 alhali tana bayan ta 1,000 a babban jerin, a allon tallarta kuwa 80 ɗin za ka gani. Akwai kuma taurarin QS, waɗanda jami'a ke biyan kuɗi a zo a auna ta a ba ta. Ka buɗe shafin mai jerin da kanka, ka rubuta sunan jami'ar, ka duba taken jerin da shekararsa. Hoton allo da ejan ya turo ta WhatsApp ba hujja ba ne.

Ita ma ta 600 ɗin ka san yadda ake karanta ta. Times tana ba 200 na farko ne kawai lamba ɗaiɗai, daga nan sai rukuni-rukuni: 201 zuwa 250, har a kai 601 zuwa 800, 801 zuwa 1,000. A cikin rukuni kuma bisa haruffa ake jera sunaye, saboda haka wadda ke sama ba ta fi wadda ke ƙasa ba. Shanghai kuma daga ta 101 yake fara nasa rukunin. A wannan zurfin tazarar maki ƙanƙanuwa ce, sauyin ma'auni kaɗai kan ɗaga jami'a ko ya sauke ta matakai da dama ba tare da an canja malami ko ɗaya ba. Ba mu ga dalilin ƙara kuɗin makaranta mai yawa saboda bambancin ta 600 da ta 900 ba.

Sai tambayarka ta farko. Akwai wuraren da matsayi ke buɗe ƙofar biza kai tsaye, amma kaɗan ne, kuma sharuɗɗansu da tsauri. Birtaniya ta buɗe wata biza a watan Mayun 2022 ta masu hazaƙa, da ake taƙaitawa HPI, wadda ke ba mutum shekara biyu, ko uku ga mai digirin digirgir, ya shiga ya nemi aiki ba tare da kamfani ya tsaya masa ba. Sharaɗin da aka buɗe ta da shi shi ne jami'ar ta kasance a wajen Birtaniya, tana cikin 50 na farko a aƙalla biyu daga manyan jerin nan uku, kuma digirin bai wuce shekara biyar ba. Babu jami'ar Afirka ko ɗaya a jerin da aka fara da shi. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne, gwamnatin tana fitar da jerinta na kowace shekara, kuma na shekarar da aka ba yaro digiri ake dubawa. Jami'ar da ke ciki ranar da ya shiga aji ɗaya tana iya fita kafin ya gama. Holan ma tana da izinin zama na shekara ɗaya don neman aiki ga wanda ya yi digiri na biyu ko na uku a jami'ar waje da ke cikin 200 na farko, a nema cikin shekara uku da kammalawa. Lura da kalmar: digiri na biyu. Ɗanka digirin farko zai fara.

A sauran wurare jami'in shige da fice ba ruwansa da ta nawa ce. Abin da yake dubawa shi ne ko sunan makarantar na cikin rajistar gwamnati. A Birtaniya sai makaranta na cikin rajistar masu lasisin ɗaukar ɗaliban waje. A Amurka sai tana da izinin SEVP, wato shirin gwamnati na kula da ɗaliban waje, kafin ta ba da takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita. A Kanada sai tana da lambar DLI, wadda ake ba makarantun da aka yarda su ɗauki ɗaliban waje, kuma ba kowane kwas na makaranta mai DLI ne ke kai mutum ga izinin aiki bayan karatu ba, don haka kwas ɗin za ka duba, kada ka tsaya a sunan makaranta. Wanda ya yi karatu a wata ƙasa yake son aiki a Jamus, za a nemi jami'arsa a rumbun bayanai na anabin: alamar H+ na nufin an amince da ita, H- ba a amince ba, H+/- kuma sai an duba digirin kansa. Mai neman zaman dindindin a Kanada sai wata hukumar auna takardu irin WES ta tabbatar da digirinsa ya yi daidai da nasu, rahoton kuma shekara biyar yake aiki. Duk waɗannan ana duba su kyauta a intanet, ban da rahoton WES da ake biya.

Ga mai karatun injiniya akwai abin da muke ganin ya fi duk jerin nan nauyi, wato tantance kwas. Yarjejeniyar Washinton ta 1989 ta haɗa hukumomin tantance karatun injiniya na ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, Birtaniya, Kanada, Malesiya, Turkiyya, Indiya da Afirka ta Kudu, suna amincewa da kwasa-kwasan da kowaccensu ta tantance. Ka nemi sunan kwas ɗin yaron daidai yadda za a rubuta shi a kwali, ka duba shi a shafin hukumar ƙasar, kamar ABET a Amurka ko MÜDEK a Turkiyya. Jami'a ɗaya kan samu amincewa a injiniyan gine-gine ta rasa a na lantarki. In kuma reshe ne na wata jami'a a wata ƙasa, ka tambaya a rubuce: sunan wa zai fito a kwalin, kuma tantancewar ta haɗa da reshen? Sau da yawa matsayin da ake tallatawa na uwar jami'ar ne.

In kana son sanin ingancin koyarwa, alƙaluman cikin gida na ƙasar sun fi amfani. Birtaniya na da shafin Discover Uni da ke nuna, kwas-kwas, ɗalibai nawa suka ci gaba da karatu da abin da suke yi wata 15 bayan kammalawa. Amurka na da College Scorecard, Indiya na da NIRF tun 2016, Jamus na da CHE mai auna fanni-fanni. Lambar da za ka fi sa wa ido ita ce ta waɗanda suka fara suka gama. Makarantar da ɗalibai ke zubewa a hanya akwai abin da ke korar su.

Tambaya ta biyu ita ce wadda iyaye kan manta sai yaro ya sauka daga jirgi. A Nijeriya ba a tambayar matsayin jami'a a duniya. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke auna takardun ƙasashen waje, abin da take kallo kuma shi ne ko hukumar ilimin ƙasar da aka yi karatun ta amince da makarantar da kwas ɗin. An ƙara matsawa tun watan Janairun 2024, lokacin da aka dakatar da karɓar digirin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya yi basaja ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Ga hidimar ƙasa, ana neman ainihin kwali da takardar sakamakon darussa, da sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, da fasfo mai nuna biza da hatimin fita da na dawowa. Saboda haka ko fasfon yaron ya cika ko ya ƙare, a adana shi. Wanda ya gama bayan ya haura shekara 30 takardar yafewa ake ba shi, wanda kuma ya yi karatun ta intanet ko na wucin gadi ba a tura shi hidimar. Injiniya sai ya yi rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa. Da likitanci yaron zai karanta, sai ya zauna jarrabawar MDCN, hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, mai shari'a kuma sai ya fara da kashi na ɗaya a Makarantar Horas da Lauyoyi, ko da daga jami'a ta ɗaya a duniya ya fito. 'Yan'uwanmu na Nijar su duba ko CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da ke Wagadugu, ta amince da digirin, su kuma tuntuɓi ma'aikatar ilimi mai zurfi kan takardar daidaita shaida kafin a biya kuɗin shekarar farko.

Kada kuma ka cire jami'o'in gida daga lissafi saboda jeri. Ibadan, Legas, Ahmadu Bello da Bayero duk sun fito a jerin Times, a rukunonin ƙasa, bisa mudun bincike da suna da muka bayyana. Abin dubawa a can shi ne hukuncin NUC, hukumar kula da jami'o'in Nijeriya, a kan kwas ɗin: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ta wucin gadi ta shekara biyu, ko ƙin amincewa.

Ga yadda muke ganin ka bi da ukun nan. Fara da ta uku, mai sauƙin kuɗin, tunda ita ce mai alamar tambaya. Nemi sunanta a shafin ma'aikatar ilimin ƙasarta da kuma rumbun WHED na ƙungiyar jami'o'i ta duniya. In ba ta nan, a rufe maganarta. In tana nan, kuma kwas ɗin ya samu tantancewa, to ta shiga takara sosai, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ta farko, in da gaske tana cikin 100 na babban jerin kuma aljihu zai ɗauka har shekara huɗu ba tare da an ci bashi ba, sunanta zai yi wa yaron amfani wajen neman gurbin digiri na biyu da tallafin karatu. In a wani jerin gefe ne ta samu lambar, ka auna ta kamar sauran biyun. Ka lissafa kuɗin shekara huɗu gaba ɗaya, da masauki da inshorar lafiya da sabunta izinin zama, domin rangwamen da ejan ke ambata sau da yawa na shekarar farko ne, ko an ɗaure shi da sharaɗin yaro ya riƙe wani maki. Ka kuma tambayi ejan ɗin kai tsaye wacce daga cikin ukun ke biyan shi la'ada.

Ranar rajista a tabbatar sunan yaron a takardar makaranta ya yi daidai da na fasfo da na sakamakon sakandare, harafi da harafi da kuma jerin sunayen. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da takarda wata da watanni. In ya gama, kafin ya bar ƙasar ya karɓi takardar sakamakon darussa fiye da kwafi ɗaya, ya kai kwalin a buga masa hatimin ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da na ofishin jakadancinmu, in kuma ba da Ingilishi aka rubuta ba ya sa mai fassara mai lasisi ya fassara tun yana can.