Gwaji ya nuna amosanin gaɓɓai, amma haɗin kemis yana kwantar mini da ciwon

Tambaya: Likita, wata biyar ke nan yatsun hannuwana biyu suna kumbura, da safe kuma sukan sandare fiye da awa ɗaya. Gwajin jini mai suna anti-CCP ya nuna alamar amosanin gaɓɓai, amma a gida an ce sanyi ne, kuma haɗin da nake saya a kemis yana kwantar da ciwon. Dole ne in fara maganin asibiti?

Amsa: Dole ne, 'yar'uwa, kuma da gaggawa. Gwajin ya nuna garkuwar jikinki tana yaƙar furotin ɗin jikinki. Wani sinadari mai suna PAD yana juya arjinin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, ya koma sitrulin, kuma idan hakan ta faru ga furotin irin su fibrinojin da bimentin sai siffarsu ta sauya, garkuwar wanda ya gaji wani nau'i na ƙwayar gado mai suna HLA-DRB1 ta ɗauke su baƙi. Sauyin yakan soma a huhun mai shan taba ko mai shaƙar ƙurar dutse, ko a dasashi mai ciwo, shekaru kafin gaɓa ta kumbura.

Batun sanyi kuwa ya ishe ni. Babu wani sanyi da ya shiga ƙashinki, balle jiƙo ko tsimi ya wanko shi. Haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda ba tare da suna ba, sau da yawa deksametazon ne ko firednisolon, wato magungunan danne kumburi da ake kira sitiroid, tare da maganin zogi. Suna danne kumburi cikin kwana kaɗan, mai ciwo ta yi godiya, mai shago ya samu ciniki, alhali ba a tsayar da cutar da ke cinye guringuntsi da bakin ƙashi ba. Bayan wata da watanni sai a kawo mana ita fuska ta kumbura, sukari da hawan jini sun kama ta, ƙashi ya yi rauni, yatsu sun karkace. Gaɓar da ta zaizaye ba ta komawa yadda take, shi ya sa watannin farko suke da muhimmanci haka.

Kada ki yanke haɗin nan lokaci ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ki kai wa likitan gaɓɓai shi ya rage miki a hankali. Galibi da metotirekset ake farawa, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da folik asid da gwajin jini a kai a kai. Idan kina da juna biyu ko kina nema, ki faɗa masa tun kafin ya rubuta, domin maganin yana cutar da ɗan tayi.