Ya sake ni ya riƙe yara da kayan ɗakina, wace kotu zan je?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Mijina ya sake ni saki ɗaya bayan ya yi mini duka, ya ƙwace yarana biyu, ya kuma kulle ɗaki da kayana a ciki. Wasu sun ce in je ofishin 'yan sanda, wasu sun ce Hisbah. Ina zan dosa? Daga wata baiwar Allah a Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo miki mafita, Malama. Ki fara raba maganar gida biyu, don riƙon yara da kayan ɗaki hanyarsu daban, duka ma hanyarsa daban.

Batun yara da kaya na kotun Shari'ar Musulunci ne. Ki je wadda ke kusa da inda kuke zaune, ki sami magatakarda ki shigar da ƙara, za a kai wa mutumin sammaci. Ba dole sai da lauya ba, mata da yawa da bakinsu suke bayani a gaban alƙali. Kotunanmu a Kano mazhabar Malikiyya suke bi, kuma a wurin Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon yara bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ci da sha da sutura da magani suna wuyan uba ko da yaran suna hannunki. Abin da kan sauya lissafi shi ne ki auri wani wanda ba muharramin yaran ba, to a nan riƙon yakan koma wajen mahaifiyarki, sannan 'yar'uwarki, kafin a zo kan dangin uba. Maza da yawa ba sa son jin wannan, amma haka hukuncin yake. Tunda kuma saki ɗaya ne, ciyar da ke a cikin idda yana kansa.

A kan kayan ɗaki, ƙa'idar ita ce hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Ki nemo rasit ɗin gado da kujeru idan akwai, da hotunan ranar jere, da matan da suka yi jeren. Ki adana takardar sakin ma.

Duka kuwa laifi ne, nan ne 'yan sanda suke da hurumi. Ki je asibiti a duba ki a rubuta, don tabo yana warkewa kafin shari'a ta zo kan shaidu. Daga caji ofis za su iya gurfanar da shi a kotun majistare ko ta Shari'a. Amma kada ki yarda a yanke miki maganar yara a teburin ɗan sanda, wannan ba aikinsa ba ne.

Hisbah sulhu take yi, kuma sau da yawa yana kashe wuta tun kafin ta ci gida. Sai dai in mijin ya ƙi abin da aka cimma, kotu ce kaɗai za ta tilasta masa.

Idan hukunci bai yi miki ba, akwai Babbar Kotun Shari'a, sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da saki da riƙon yara da gado. Ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, don haka ranar da aka yanke hukunci ki nemi kwafinsa wajen magatakarda.