Hukuncin Tausar Sinawa ga Ɗan Kasuwa Mai Ciwon Ƙugu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro yadi. Shekarata biyu ina fama da ciwon ƙugu da wuya. A tafiyar da ta wuce wani abokin harka ya kai ni asibitin maganin gargajiyarsu, aka yi mini tausar da suke kira tuina, na ji sauƙi ƙwarai. Da layi ya yi mini yawa sai na koma wani shago kusa da masaukinmu da ke kaiwa dare. Wata yarinya ce ke yi mini a ɗaki, amma wallahi magani nake nema. Da na dawo wani ɗalibin ilimi ya ce shirka ce, don an gina ta a kan aƙidar marasa addini. Mene ne hukuncinta?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, Alhaji.

Neman magani halal ne, ko a hannun wanda ba Musulmi ba matuƙar ya san aikinsa, wannan ba sai mun tsaya a kai ba. Ka tambaye ni shirka, amma ni abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne "layi ya yi mini yawa". Daga wannan kalma hukuncin ya sauya.

Na yarda da rantsuwarka. Sai dai hanin da Annabi (SAW) ya yi na keɓewar namiji da macen da ba muharramarsa ba bai togace mai kyakkyawar niyya ba. Ga ɗaki, ga dare, ga hannunta a jikinka, kai kuma baƙo ne nesa da iyali. Malamai sun yi rangwame mace ta yi wa namiji magani idan larura ta kama, babu namijin da zai yi, ba tare da keɓewa ba. Tsawon layi ba larura ba ne, gaggawar ɗan kasuwa ce. Maza masu wannan sana'a kuwa ba su yi ƙaranci a can ba, har makafi ana horarwa a kanta, shagunansu sananne ne a biranen ƙasar. Zuwa wannan shago haramun ne a kanka. Ka yi istigfari, kada ka koma, ko da kuwa ka biya kuɗin zuwa goma a gaba.

Kuma ka lura, tuinar asibiti galibi a kan tufafi ake yin ta, ko a shimfiɗa ƙyalle a kan wurin. Duk inda aka fara da "cire kaya", ka sa ayar tambaya. Tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ne ko ga namiji ɗan'uwanka. In ciwon ya buƙaci a danna saman ɗuwawu, a yi ta kan wando, gwargwadon buƙata.

Sai maganar ɗalibin nan. Allah ya saka masa da kishinsa, amma ya yi gaggawa, kuma kalmar shirka ta fi ƙarfin a jefa ta haka. Abin da ya ji gaskiya ne: likitocin Sin na gargajiya suna cewa akwai wani ƙarfi a jiki mai suna chi, yana gudana ta manyan hanyoyi 12, in ya toshe sai ciwo, tausa kuma ta buɗe shi. Bayanin nan ya cuɗanya da tsohuwar falsafarsu. To amma aiki daban, bayanin da mai aikin ya ba shi daban. Sunan tuina kansa "turawa da kamawa" yake nufi, wato hannu a kan tsoka da gaɓa, sababi ne da ido ke gani. Tun zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907, a makarantar likitancin fada ake koyar da tausa, sana'ar likita ce.

Ka tambayi ɗalibin: Sinawan nan suna yin ƙaho, kuma da chi ɗin suke fassara amfaninsa. Shin ƙahon da wanzami ke yi ya zama shirka ke nan? Likitocin Musulunci irin su Razi da Ibn Sina daga Jalinus suka ɗauki maganar zafi da sanyi da danshi da bushewa, shi kuwa mutumin Girka ne da bai san tauhidi ba, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi aiki da wannan bayani wajen sharhin magungunan Annabi. Muslim ya ruwaito daga Aufu ɗan Malik cewa Annabi (SAW) ya ce a kawo masa tofin da suke yi tun jahiliyya ya duba, ya ce babu laifi matuƙar babu shirka a ciki. Idan tofi, wanda magana ce da ta fi kusa da aƙida, aka tace shi ba a zubar ba, ina ga matsa tsoka? A Muwaɗɗa ma ya zo cewa Annabi (SAW) ya yi nufin hana saduwa da mai shayarwa, sai ya tuna Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba, ya fasa. Masu binciken jiki na zamani ba su ga hanyoyin nan 12 ba, amma kuskure a bayanin likitanci kuskure ne, ba bautar wani ba ne. (Kada ka kafa masa hujja da "ku nemi ilimi ko a birnin Sin", wannan bai inganta daga Annabi ba.)

Inda zan bi bayan ɗalibin shi ne in an ce ka rusuna wa gunki, ko ka kunna masa turare, ko wani ya ce zai zuba maka ƙarfin ɓoye daga tafinsa ba tare da ya taɓa ka ba. Wannan ka tashi ka bar wurin.

Wasu magungunan shafawarsu a cikin giya ake jiƙa su, ka tambaya. In an shafa maka, ka wanke wurin kafin salla. Kada ka bari kowa ya murɗa maka wuya sai likita mai takarda. In ka sauka daga doguwar tafiyar jirgi ka ga sharaɓarka ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a matsa ta ko kaɗan, yana iya zama gudan jini, asibiti za ka nufa. In kana shan maganin hawan jini ko sikari, kada daɗin tausa ya sa ka ajiye shi.

Ciwon shekara biyu kuma ya isa a ɗauki hoton bayan a ga abin da ke ciki, musamman in yana saukowa ƙafa ko ƙafar tana sagewa. Ka rage ɗaga dila da kanka, yara suna nan. A tafiya ta gaba ka roƙi likitan ya nuna maka wurare biyu ko uku masu sauƙin dannawa, ka koya wa Hajiya a gida.

Wallahu a'alam.