Tambaya da amsa: An ba ƙanena lambar yabo ta gasar harbi a sojan Amurka, yaƙi za a tura shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah a taimaka mana da bayani. Ƙanena yana aikin soja a Amurka, kwanan nan ya turo hoto a gurup ɗin gida an rataya masa lamba an kuma ba shi wani allo mai sunansa, ya ce na gasar harbin sikit ne, wannan da inji ke cilla faifan yumɓu sama a harbe shi, da kuma hidimar da yake yi wa ƙungiyar maharbansu. Tun ranar mahaifiyarmu ba ta runtsa ba, wata maƙwabciya ta ce mata ba a ba soja lambar harbi sai ya kashe mutane, kuma wai duk wanda aka gane yana da saiti shi ake fara turawa gaba in yaƙi ya tashi. Ga kuma samarin gida sun ga bidiyon, sun ce in an je ƙauye da Sallah za su ɗauki dabul barel ɗin kawu su riƙa jefa faranti suna harbi, wai ai harsashin tsuntsu ne ba ya kisa. Da wanne zan ji? Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam malama. Ki fara zuwa ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata ta kwantar da hankalinta, lambar da ɗanta ya samu ta wasa ce, faifan yumɓu ya farfasa, ba a zubar da jinin ko kaza ba kafin a ba shi. Lambobin fagen daga daban suke kuma suna da sunayensu, Purple Heart ta wanda aka raunata ko ya rasu a yaƙi ce, Silver Star ta jarumta ce a gaban abokan gaba, babu wacce ake samu a filin gasa. Ita maƙwabciyar Allah ya shirye ta, da ta tambaya kafin ta hana tsohuwa barci.

Maganar wai mai saiti ake turawa gaba, wannan ma ba haka tsarin yake ba. Rundunar da mutum yake ciki da irin aikin da aka horar da shi a kai su ne ke sa a tura shi ko a bar shi, in an kira bataliyarsu zai tafi ko ya iya harbi ko bai iya ba. Ba zan ce miki ba za a taɓa tura shi ko'ina ba, duk wanda ya sa kaki ya san da wannan tun ranar da ya sa hannu, amma lambar nan ba ta ƙara masa ko taku ɗaya zuwa bakin daga ba. Kuma mai harbin sikit da sinaifa ba hanyarsu ɗaya ba sam. Sinaifa yana kwance ne da raifil mai madubi, harsashi ɗaya, nisan ɗaruruwan mita, yana riƙe numfashi. Ɗan sikit yana tsaye ido biyu a buɗe, faifan yana wucewa a gabansa kamar mita 20, jikinsa yana juyawa da bindigar, yana harbin gaban faifan ne don ƙwayoyin su haɗu da shi a hanya. Wanda ya saba da ɗaya sai ya sake koyon ɗayan daga farko.

Amma akwai dalilin da ya sa soja suka riƙe wasan nan da muhimmanci. Lokacin yaƙin duniya na biyu da sikit Amurka ta riƙa koya wa masu harbi daga cikin jiragen yaƙi yadda ake tarar abu mai gudu, har a bayan mota mai tafiya ake ɗora su ana cilla musu faifai. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa aka kafa rundunar gwanayen harbi ta sojan ƙasa a barikin Fort Benning da ke jihar Jojiya, saboda Tarayyar Sobiyet na ta lallasa su a gasannin duniya abin ya dame su. Daga wannan rundunar Vincent Hancock ya fito, yana ɗan shekara 19 ya ci zinare a Olamfik ta Beijin a 2008, ya sake ci a Landan a 2012 yana saja, faifai 148 ya fasa cikin 150, bayan ya bar soja ya ƙara biyu a Tokyo da Paris. A Tokyo ɗin nan a 2021, wasan ƙarshe na mata tsakanin sojoji biyu aka ƙare shi, laftanar Amber English ta Amurka ta fasa 56 cikin 60 ta ɗauki zinare, Diana Bacosi ta sojan Italiya ta ɗauki azurfa da bambancin faifai ɗaya tal. Kinga mace ma tana samun irin lambar ƙanenki, kuma aikin da aka fi sa irinsu shi ne koyar da sauran sojoji da wakiltar ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a saƙonki ma shi ne allon nan na hidima. Akwai ƙungiya mai suna Armed Forces Skeet Association da ke haɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama, masu ci da 'yan fansho, suna gasa duk shekara suna kuma karrama mutanensu, kuma ba yawan maki kaɗai ake dubawa ba. Wani ne ke zuwa da asuba ya loda injinan, wani ya tsaya alƙalanci cikin rana wuni guda, wani ya zauna da sabon shiga yana gyara masa tsayuwa. Mutumin da aka yarda ya tsaya a kan wasu suna riƙe da bindiga mai harsashi, an yarda da natsuwarsa kenan. Wannan tarbiyyar gida ce, ki faɗa wa Hajiya haka. Abu ɗaya kawai, in wani ya kira ku ko ya turo saƙo wai a biya kuɗi kafin a saki lamba ko a ba shi hutu, ɗan damfara ne, soja ba sa karɓar ko sisi daga iyali a kan wannan.

To yanzu mu zo kan abin da ya kamata ya hana ku barci na gaskiya, samarin nan da dabul barel ɗin kawu. Wallahi wannan magana ta "harsashin tsuntsu ba ya kisa" na gaji da jinta, mafarauta na faɗa, 'yan banga na faɗa, har masu ilimin boko na faɗa suna dariya, kuma ta kai mutane kabari ba adadi. Katirij ɗin, wato harsashin irin wannan bindigar, da ake gasar Olamfik da shi giram 24 ne na dalma, ƙwayoyi kusan 500 kowacce kamar milimita 2, suna fita daga bakin bindiga da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa ɗaya. Mutane suna kallon ƙanƙantar ƙwaya ɗaya su raina ta, sun manta gaba ɗayansu suke fita a dunƙule, sai sun yi tafiya suke bajewa, kamar ki watsa wa kaji gero, a bakin hannunki a cure yake sai can gaba ya warwatsu. Mu da muke koyarwa mukan nuna wa ɗalibi da idonsa. A kafa kwali a mita 20 a harba, za ki ga ƙananan huda sun cika faɗin da ya kai babban faranti na tuwon biki, kowacce kamar an soka tsinke. A matso da kwalin mita 3 a sake harbawa, rami ɗaya ne za ki gani, gefensa a yayyage, har robar da ke riƙe ƙwayoyin ta bi ta ciki ta wuce. Yanzu ki cire kwalin ki sa cinyar yaro ko cikinsa a wurin. Likitocin tiyata suna tsoron irin wannan raunin ƙwarai, don naman ya dagargaje kuma ƙwayoyin sun bi ko'ina.

Kuma samarin nan a ina za su tsaya? Ai kusa da juna. Ɗaya ne zai jefa farantin da hannu yana gefen mai bindigar, sauran sun yi cincirindo a baya kowa da waya yana ɗaukar bidiyo, ƙananan yara suna gudu su je tsintar fasassun, mai harbin kuma idonsa na kan faranti yana juya bindiga da sauri bai san inda bakinta ya kai ba. Ga shi farantin da za su jefa na ƙarfe ne ko tangaran, ƙwayar dalma in ta bugi ƙarfe tana iya dawowa. A filin gasa na gaske injinan suna cikin ɗakuna biyu a rufe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wuraren tsayawa takwas ne a shace, ba ka sa katirij sai ka taka wurinka kuma layinka ya zo, kana gamawa ka karya bindigar ka rataya ta a buɗe kowa na ganin ba komai a ciki, kowa da gilashin kare ido da abin toshe kunne, sannan a gaban filin ana barin fili kusan mita 275 babu gida babu gona babu hanya saboda faɗowar ƙwayoyi. Wane ƙauye ne ranar Sallah za a samu wannan? Bayan kowace katangar kara akwai mace tana girki ko yaro yana kiwo.

Nisa ma ba ya ceto kamar yadda ake zato. A watan Fabrairun 2006 mataimakin shugaban Amurka na lokacin Dick Cheney yana farautar tsuntsaye a Texas ya juya ya harba, abokinsa Harry Whittington lauya ɗan shekara 78 yana can kusan mita 27. Ƙwayoyin suka same shi a fuska da wuya da ƙirji, bayan 'yan kwanaki ɗaya daga ciki da ta matsa kusa da zuciya ta jawo masa bugun zuciya yana kwance a asibiti. Cheney fa mutum ne da ke tafe da ma'aikatan lafiya a ayarinsa, da ƙaramar bindiga, da harsashin tsuntsu sak. Shi Whittington ya rayu. Ido kuwa ƙwaya ɗaya tak ta ishe shi ko daga nesa ne, ba ta kashe yaro ba amma ya makance har abada, sai a ce tsautsayi.

Sannan ba ma wanda ya san abin da ke cikin katirij ɗin kawu. Na farauta ƙwayoyinsa sun fi na gasa girma nesa ba kusa ba, wasu na harbin barewa ne ko gyado, wasu an sake cika su a gida da albarushi da ƙananan boris ba awo ba komai. Tsohuwar bindiga da ta yi shekaru a rataye a zaure, tsatsa ta ci cikinta ko zanzaro ya yi gini a bakin, tana iya tsagewa a hannun mai harbi ta tafi da yatsunsa. Lasisin kawu kuma, in ma yana da shi, nasa ne shi kaɗai, a dokar Najeriya bai ba ɗan ƙanwarsa izinin ɗauka ba, in abu ya faru da shi da yaron duk za su kwana a hannun 'yan sanda.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne masu maganin bindiga. Da irin wannan harsashin suke cin kasuwa, a tsayar da mutum can nesa a harba masa katirij mai ƙananan ƙwayoyi ko wanda aka rage wa albarushi, ƙwayoyin su zubo a kan riga mai kauri, a yi ta kabbara wai laya ta yi aiki. Gobe yaro ya ɗaura layar ya ce wa abokinsa gwada ni daga nan kusa. Sau nawa muka ji a labarai an kashe mutum wurin gwajin magani, wani lokacin ma bokan da kansa? Rai amana ce, wanda ya nuna ɗan uwansa da makami ko da wasa ne addini ya yi masa kashedi mai tsanani, balle ya ja kunama yana dariya. Iyaye maza ku daina zama kuna kallon yara na wasa da bindiga kuna cewa ai namiji ne.

In kuma Allah ya kiyaye abu ya faru, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi a nufi asibiti kai tsaye. Kar a bari wanzami ko mai magani ya sa aska yana tonon ƙwayoyi, ramin da kike gani ƙarami a fata ba ya nuna inda ƙwayar ta tsaya, hoton ƙashi ne ke nunawa, akwai ma waɗanda likita zai bar su a jiki don cire su ya fi haɗari. Kuma kar wani a bakin asibiti ya tsayar da ku wai sai an kawo takardar 'yan sanda, tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara ba shi magani nan take, sanar da 'yan sanda aikin asibitin ne daga baya. Har yau wasu ma'aikata na yi kamar ba su san da ita ba, mutum na zubar da jini ana neman fayil.

Abin da za ki yi tun kafin Sallah, ki kira kawu da kanki cikin ladabi ki gaya masa shirin yaran, ya kulle bindigar wuri ɗaya katirij ɗin wuri daban, makullin a aljihunsa. Sannan ki sa ƙanenki ya kira su ta bidiyo, tunda yanzu shi ne gwarzonsu za su ji tasa fiye da taki da tawa, ya nuna musu yadda yake karya bindiga kafin ya taka ko'ina, ya gaya musu abin da alƙalin fili ke yi wa wanda ya juyo da bakin bindiga wajen mutane ko da babu harsashi a ciki. Ki kuma ce ya kira Hajiya ita kaɗai ya nuna mata faifan yumɓun a hannunsa ta gani.