Tambaya da Amsa: Rigingimun Olamfik, daga hijabi har keken aro

Saƙonni kan wasanni sun yi yawa wannan karon, wasu ma tambaya ɗaya ce mutum biyar suka aiko ta, don haka na haɗe masu kama da juna. Masu tambayar ƙwallon Turai ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Mu dai a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu kullum sai an yi musun nan, wai me ya sa aka kori Rasha daga Olamfik saboda yaƙin Yukiren amma Isra'ila ta je Paris da tutarta alhali ana ruwan bama-bamai a Gaza, wannan ba son kai ba ne? Daga wani mai karatu a Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara ba ka hujjar kwamitin Olamfik na duniya, wato IOC, kafin in faɗi tawa. Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, kwana huɗu kacal bayan an rufe wasannin hunturu na Beijing, lokacin yarjejeniyar tsagaita wuta da Majalisar Ɗinkin Duniya ke amincewa da ita duk lokacin Olamfik ba ta ƙare ba. Sannan a Oktoban 2023 kwamitin Olamfik na Rasha ya jawo hukumomin wasanni na yankunan Yukiren guda huɗu da sojojinsu suka mamaye ya sa su ƙarƙashinsa, a nan ne IOC ta dakatar da shi. Su suna cewa kwamitin Isra'ila bai yi irin haka ba, kuma da shi da na Falasɗinu duka suna cikin rajista. Shi ya sa a Olamfik ɗin Paris 2024 'yan Rasha 15 kawai suka shiga, ba tuta ba taken ƙasa, Falasɗinu kuma ta je da mutum 8.

To a takarda kenan. Ni kam hujjar ba ta gamsar da ni ba, don ita wannan tsagaita wutar ai an sake ayyana ta domin Paris kuma ba a fasa jefa bam ko na yini ɗaya saboda ita ba, kuma Amurka ta shiga Iraƙi a 2003, shekara na zagayowa ta je Athens da tutarta ba wanda ya ce mata uffan. Wanda ke da manyan gidajen talabijin da kamfanonin da ke zuba kuɗi ba a taɓa shi da sauƙi, wannan ko yaro ya sani.

Amma fa kar ku wanke Rasha tas a gidan kallon naku. Tun kafin yaƙi tana da laifinta daban, a Sochi 2014 ta wata 'yar kafa da aka huda a bangon ɗakin gwaji ake fitar da fitsarin 'yan wasansu cikin dare a musanya shi da mai tsabta, shugaban ɗakin gwajin da kansa Grigory Rodchenkov ne ya tona bayan ya gudu Amurka. Tun Rio 2016 rabonsu da shiga Olamfik da tutarsu.

Kuma masu cewa a raba siyasa da wasa, mu ma nan Afirka mun yi, kuma ban ga laifinmu ba. A Montreal 1976 ƙasashen Afirka sama da ashirin, har da Najeriya da Nijar, suka ƙaurace saboda an ƙi korar New Zealand wadda 'yan zari-rugarta suka je wasa Afirka ta Kudu ana tsakiyar wariyar launin fata. 'Yan wasa da yawa sun riga sun sauka masauki aka ce su tattara kayansu. Ɗan Najeriya Abraham Ordia na cikin jagororin wannan tafiya. Sai dai kullum ɗan wasa ne ke biyan kuɗin, kamar ɗan judon Aljeriya Fethi Nourine da ya janye a Tokyo don kar ya kara da ɗan Isra'ila, aka dakatar da shi shekara 10, sana'ar ta ƙare kenan.

Tambaya: Malam ina wuni. 'Yata na son takwando sosai har tana zuwa horo, to sai aka turo mana a WhatsApp wai yanzu an hana sa hijabi a Olamfik gaba ɗaya, babanta ya ce to ta ajiye abun kawai. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya ki ce wa maigidan ya kwantar da hankalinsa, ba haka ba ne. Faransa ce ta hana nata 'yan wasan da ke wakiltarta, ministar wasanninsu ta lokacin ta sanar tun Satumban 2023 da sunan raba addini da gwamnati. 'Yar tserensu Sounkamba Sylla sai hular hana-sallah aka sama mata ta rufe gashinta kafin ta shiga bikin buɗewa, abin takaici dai. Amma na sauran ƙasashe ba wanda ya taɓa su, 'yan Masar sun buga ƙwallon raga ta bakin teku a rufe ruf, kuma a daren rufe gasar, Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa Holan gudu, ta hau ta karɓi zinaren gudun yada-ƙanin-wani sanye da hijabi a gaban duk duniya, a cikin Paris ɗin. Takwando ma na cikin wasannin da suka fi sauƙi ga mai rufe jiki, riga da wando ne dogaye ga hular kariya a sama. Kuma ku a Nijar ai ba baƙonku ba ne, Abdoul Razak Issoufou Alfaga da shi ya ciyo azurfa a Rio 2016, lamba ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar Issaka Daboré a damben Munich 1972. A bar yarinya ta yi.

Tambaya: Yallaɓai don Allah ya aka yi Najeriya da yawanmu muka dawo daga Paris ko tagulla babu? Wani abokina ya dage wai Turawa ne ke mana maguɗi a wurin alƙalanci. Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Ƙanena, ka gaishe da abokin naka ka ce masa wannan karon Bature ba ruwansa. A tseren mita 100 agogo ne alƙali, a tsalle kuma awo ne, ina maguɗin zai shiga. Mun je da mutum 88, an kashe biliyoyin naira, mun dawo hannu rabbana kamar yadda aka yi a Landan 2012, ministan wasanni na lokacin John Enoh har ya fito ya ba 'yan ƙasa haƙuri.

Duba abin da ya faru da Favour Ofili. Yarinyar nan ta cika sharaɗin shiga mita 100, ta isa Paris, sai ta tarar ba a ma rubuta sunanta ba, hukumar guje-guje ta ƙasa da kwamitin Olamfik na ƙasa suka shiga nuna wa juna yatsa, wannan ya ce na tura wancan ya ce ban gani ba. Ta yi mita 200 ta kai wasan ƙarshe ta zo ta shida, ta fito tana kuka a gaban 'yan jarida. Kuma wannan ne karo na biyu da aka mata haka, don a Tokyo 2021 tana cikin 'yan Najeriya 10 da aka hana shiga fili, ba wai an kama su da shan ƙwaya ba fa, a'a, dokar ta ce ƙasa irin tamu da ake wa kallon mai haɗari dole a yi wa kowane ɗan wasa gwajin ba-zata sau uku kafin gasa, jami'anmu ba su shirya gwajin ba, yara suka tsaya a masaukin 'yan wasa riƙe da kwalaye suna zanga-zanga. A cikin goman nan akwai Annette Echikunwoke mai jifan guduma, ta koma wa Amurka inda aka haife ta, a Paris ta ciyo musu azurfa. Salwa Eid Naser da ta ci wa Bahrain azurfa a mita 400 ita ma a Najeriya aka haife ta. Ita kanta Ofili a 2025 ta nemi komawa Turkiyya, wallahi ban iya ganin laifinta ba.

Sai maganar keke. Ese Ukpeseraye ta samu damar shiga tseren keke na cikin fili ba ta da keken da ya dace, tawagar Jamus ce ta ara mata, ita da kanta ta rubuta ta yi musu godiya. Alhali muna da filin tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003, wanda aka taɓa mayar da shi rumbun ajiye murhunan girki na gwamnati.

Yawan jama'a ba ya cin lamba. Saint Lucia ba ta kai mutum dubu 200 ba, wata ƙaramar hukumar a Kano ta ninka ta, amma Julien Alfred ta ɗauke zinaren mita 100 na mata, Letsile Tebogo na Botswana ya ɗauke na mita 200. Mu har yanzu labarin Atlanta 1996 muke ci, su Kanu da Tijjani Babangida da Garba Lawal da suka doke Brazil 4-3 suka doke Ajantina 3-2, da tsallen Chioma Ajunwa na mita 7.12. Matsalar ita ce sai saura wata biyu ko uku ake sakin kuɗi a kafa sansani, wasu kuma shekara huɗu suke yi suna shiri. Waɗanda suka ɗan share mana hawaye su ne 'yan matan kwando D'Tigress ƙarƙashin Rena Wakama da suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas, sai kuma masu buƙata ta musamman da suka je bayan kowa ya watse suka kawo lamba 7 har da zinare 2, su da ba a ko tuna su sai ranar. An rushe ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024 an dawo da hukumar wasanni ta ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, to Los Angeles 2028 ce za ta nuna ko sauya allon ƙofa kawai aka yi.

Tambaya: Wai ita 'yar damben Aljeriyar nan namiji ne ya yi shigar mata? Daga wata mai karatu a Sabon Zango, Accra.

Amsa: A'a 'yar'uwa, wannan labarin da ya zagaya ƙarya ne. Imane Khelif a mace aka haife ta aka yi mata rajista aka rene ta, ta yi shekaru tana dambe da mata, ta je Tokyo an fitar da ita a zagayen 'yan takwas ba wanda ya yi magana. Rigimar ta samo asali ne daga hukumar dambe ta IBA da ta kore ta a gasar duniya ta New Delhi a 2023 ta ce ta faɗi wani gwajin jinsi, ita kuma IBA ɗin IOC ta riga ta ɓata da ita kan kuɗi da alƙalanci har ta janye amincewa da ita a shekarar, don haka IOC ta ce ba ta yarda da gwajin ba. Da 'yar Italiya Angela Carini ta janye bayan daƙiƙa 46 a karawarsu ta Paris sai intanet ta kama da wuta. Khelif dai ta ci zinaren kilo 66. Akwai tambaya ta gaske a ƙarƙashi, ta matan da halittar jikinsu ta zo da bambanci, irin shari'ar da Caster Semenya ta Afirka ta Kudu ta daɗe tana yi, kuma a wasan naushi dole a duba lafiyar abokiyar karawa, shi ya sa sabuwar hukumar World Boxing ta wajabta gwaji a 2025. Wannan aikin likitoci ne da masu doka. Yaɗa hoton baiwar Allah ana mata dariya a guruf kuwa, ki tsame hannunki.

Tambaya: Malam yaushe za a kawo mana irin wannan gasa Abuja mu ma mu kalla ido da ido? Daga wani direba a Zuba.

Amsa: Direba an nema ai, sau biyu ma. A 2007 Abuja ta nemi wasannin ƙasashe renon Ingila na 2014, Glasgow ta kayar da ita da ƙuri'a 47 da 24, aka sake neman na 2030 aka ba Ahmedabad ta Indiya. Ni dai ban yi baƙin ciki sosai ba. Montreal sai 2006 ta gama biyan bashin Olamfik ɗin 1976, shekara 30 cur, jihar Victoria ta Ostireliya da duk arzikinta ta ajiye na ƙasashe renon Ingila na 2026 ta ce kuɗin ya fi ƙarfinta, Glasgow ta karɓa da wasanni 10 kawai, Durban kuma ƙwace na 2022 aka yi daga hannunta. Ghana ta yi wasannin Afirka na 2023 amma sai Maris ɗin 2024 aka samu yi. In dai kallo kake so ka fara tara kuɗin mota, an ba Dakar Olamfik na matasa na 2026, daga 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba, karo na farko da wani abu mai sunan Olamfik zai sauka Afirka, kuma da fasfon ECOWAS ba ka buƙatar biza.